Ƙofa Mai Tsuntsaye Biyu

Ranar Lahadi

Zuwa ga Abban Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke nan. Ya aikin gadar, ya kuma idon nan naka? Na san halinka, da ka ga babu mai kallo sai ka ture gilashin walda sama, ka ce kai wuta ta san ka. Tunda ka ce a dajin da kuke waya ba ta kamawa sai an hau tudu, zan riƙa ba direban motar kayanku wasiƙa duk sanda ya shigo gari.

Ummi ta zubar da haƙorin gaba, ta kuma hana a jefar, wai sai ka dawo ka liƙa mata shi da walda.

Bari in ba ka labarin wurin aiki, ko da yake shekara huɗu ina fitowa a shirin Kunnen Gari ba ka taɓa kallon kashi ɗaya har ƙarshe ba, minshari ke raba ku. Ka dai san jarumin, yaron nan mai jin kukan duk wanda aka zalunta ko daga ina ne a gari, ya bi ta rufin gidaje ya je ceto. Ka kuma san ni ce Gwaggo Nas, wadda ta tsince shi yana jariri ta raine shi, take ɗinke masa rauni tana yi masa faɗa. Saboda Gwaggon nan ne masu kayan miya ke yi min gyara har ya fi saye yawa.

To bana marubutanmu sun zo da sabon salo, sun kira shi Duniyar Baibai. Jarumi zai faɗa cikin wani tsohon madubi, ya fito a garinsu amma komai ya juye. A can babu wanda ya tsince shi, Gwaggo kuwa ita ce uwar ɗakin masu satar yara. Mako takwas za a yi a haka, sannan a gyara madubi, kowa ya koma yadda yake. An ba kowannenmu shafukansa kawai a jar takarda, mun kuma sa hannu cewa ko da wasa ba za mu faɗi ƙarshen ba. Kai dai na faɗa maka, don dajinka ba shi da kunne.

Gaskiya na ji daɗin rawar. Na gaji da kirki, Abban Ummi. Da na ɗaure fuska ranar farko, mai riƙe kyamara sai da ya ja da baya.

Abin da nake jira shi ne in ga yadda 'Yan Kunne za su yi. Su ne masoyan shirin, suna da zaure a waya mai dubban mutane. Aikinsu tsayar da hoto su yi ta ƙwaƙwa. Bara sun gano zobena ya koma hannun hagu tsakanin fitowa biyu, suka kwana uku suna gardamar ma'anarsa, alhali hannu na wanke na manta.

Akwai 'yar magana game da ƙofar gidanmu, amma ba ta gaggawa ba ce. Ka gaida abokan aiki.

Matarka,
Maman Ummi

Ranar Asabar

Abban Ummi,

Sallama da gaisuwa. Na samu taka, na yi murna da jin idon ya daina ruwa. Mu ma lafiya, sai dai raina ba a kwance yake ba.

An nuna kashi na uku jiya. A ciki Gwaggo ta riƙo hannun 'yar ƙaramar yarinyar nan mai sayar da furanni, wadda duk masu kallo ke ji da ita, ta yi mata murmushi, ta shigar da ita wani gida, ta rufe ƙofa. Aka ji ƙarar sakata, ba a sake ganin yarinyar ba. Yau da safe na je kasuwa, mai tumatir ɗin da ke kirana Gwaggonmu ta auna min ba ta dube ni ba, ta ajiye canjin a kan tire maimakon ta sa min a hannu. Na yi dariya na ce mata wasa ne fa. Ta ce ta sani, amma murmushin nan ba na wasa ba ne, wanda bai iya ba ba zai yi shi haka ba.

Yanzu ga maganar da na yi ta ja. Ranar da za a ɗauki wannan fitowa, mai gidan da aka yi haya ya ce ya fasa. Rana tana tafiya, darakta yana ta zagin kowa. Ni da shegen karambani sai na ce ai muna da ƙofar ƙarfe mai kyau, mijina ya ƙera da hannunsa. Wallahi alfahari nake da kai, ba wani abu ba. Ko rabin awa ba mu yi ba, Ummi tana makaranta, a talabijin kuma ƙofar ba ta wuce ƙiftawa uku ba.

Ƙiftawa ukun nan suka tsayar. Sun ƙara girman hoton har suka ga tsuntsayen nan biyu da kake liƙawa a saman duk ƙofar da ka yi, waɗanda ka ce su ne sa hannunka. Wani a zauren ya ce ya taɓa ganin irinsu a unguwarsu. Wata ta ce ita ma. Kafin azahar sun buɗe jeri, sun sa masa suna Neman Gidan Gwaggo, kowa yana turo hoton ƙofar da ya gani. Mai kwalliyarmu ce ta nuna min a wayarta, tana dariya, wai talla kyauta aka yi maka.

Na zauna na ƙirga ƙofofin da ka yi a garin nan tun aurenmu. Goma sha ɗaya na tuna, har da tamu. Sun samo huɗu.

Ka yafe min da ban tambaye ka ba. Na san da ka ce a'a.

Taka,
Maman Ummi

Ranar Alhamis

Abban Ummi,

Ina gaishe ka, ina yi maka fatan alheri. Kada ka bar aiki ka taho kamar yadda ka ce, saura wata biyu a gama, kuma ka san irin wuyar da aka sha kafin a same shi.

Abin ya fara kamar wasa farin girki. Da farko hoto suke zuwa ɗauka a gaban ƙofofin, suna yin fuskar tsoro. Sai aka wayi gari an watsa wa ƙofar mai kemis jan fenti. Shekaranjiya kuma da la'asar wasu suka taru a gidan tsohon hedimasta, wanda ka yi wa ƙofa mai ganye biyu, suna bugawa suna cewa a fito da yarinya. Tsohon ya leƙo, dutse ya same shi a goshi. Na je duba shi, ya karɓe ni da mutunci, amma matarsa ba ta ba ni wurin zama ba, kuma ban ga laifinta ba.

Sun soke takwas daga jerin. Abin da ya sa suke sokewa shi ne sun lura tsuntsun dama a hoton fiffikensa a lanƙwashe yake. Ka tuna ranar da Ummi tana rarrafe ta kama ƙafarka, hannunka ya goce, ka ce a bar shi haka don tarihi? Ƙofa ɗaya ce a duniya mai wannan fiffike.

Na je ofishin 'yan sanda. Wanda na samu ya saurare ni da kyau, ya ce ba a yi min komai ba tukuna, sannan ya rage murya ya tambaye ni ko yarinyar tana da rai. Na je wurin darakta, na roƙe shi ya bar ni in fito in ce mako uku ya rage komai ya koma daidai. Ya juyo min da kwamfutarsa ya nuna min yawan masu kallo, wai tun da aka kafa tashar ba a taɓa ganin irinsa ba. Ya ce tsoron da nake ji shi ne shaidar na iya aikina.

Da na dawo na sayi baƙin fenti na shafe ƙofar, har tsuntsayen. Sai da na gama na tsaya a titi na duba, na ga wautata. Duk layinmu ƙofofi sun koɗe, tamu kaɗai ke sheƙi, warin fenti har bakin kwalta. Garin neman gira na rasa ido.

Abin da ya fi damuna Ummi ce. Na hana ta kallo a gida, ashe ta gani a maƙwabta. 'Yan ajinsu sun ce ta tambayi uwarta inda ta ɓoye mai furanni. Jiya na same ta ta buɗe ɗakin ajiyar kayan aikinka tana leƙa bayan tukwanen gas. Na ce me take nema, ta ce ba komai. Na zaunar da ita na yi mata bayani, ta yi ta gyaɗa kai, amma idonta yana kan hannuna.

Na yanke shawara. Gobe zan ɗauki kaina a waya in faɗa wa duniya cewa a kashi na takwas za a gyara madubi, yarinya ta dawo da ranta. In za su kore ni su kore ni.

Ka sa mu a addu'a.

Maman Ummi

Ranar Litinin

Abban Ummi,

Sallama. Da fatan wannan ta same ka lafiya. Ba direba ne zai miƙa maka ita ba, a cikin jakar makarantar Ummi za ka same ta, ƙarƙashin rigunanta. Yayarka ce za ta kawo maka Ummi da jakar. Kada ka yi mata faɗa, ni na roƙe ta.

Na yi bidiyon kamar yadda na ce. Kwana biyu aka samu sauƙi, har wasu suka ba ni haƙuri a zauren. A wurin aiki kuwa jar takarda ta daina zuwa. Ashe tunda na tona ƙarshen, sai suka sake wani ba tare da ni ba. Ranar Juma'a aka nuna kashi na takwas. Jarumi ya kai hannu zai taɓa madubin, sai wata mata da aka nuno bayanta kawai, sanye da mayafina, ta ɗaga guduma ta farfasa shi. Aka rubuta cewa Duniyar Baibai za ta ci gaba har baɗi. Yarinyar ba ta dawo ba.

Yanzu a wurinsu ni ce wadda ta dubi mutane ido da ido ta yi alkawari da murmushi, ta kuma karya. Sun haɗa bidiyona da fitowar nan ta bakin ƙofa gefe da gefe, suka ce a duba, murmushin ɗaya ne. Na duba ni ma. Ɗaya ne, Abban Ummi, ba ni da wani.

Ranar Asabar da hantsi wani ya kankare fentin da ke kan tsuntsun dama, daidai fiffiken. Bai taɓa komai ba sai nan. Jiya kuma mai kwalliya ta turo min hoto, wannan karon ba dariya. Ni ce a ciki, na riƙo hannun Ummi muna shiga gida, an ɗauka daga tsallaken titi. A ƙasa an rubuta cewa ga wata kuma ta samu, wa zai ceci wannan kafin a rufe ƙofa. Mutum fiye da dubu sun ce suna nan. Na san yawancinsu wasa suke, suna kwance a ɗakunansu. Amma wanda ya jefi hedimasta ma daga cikin masu wasan ya fito, kuma mutum ɗaya ya isa ya ɗauki yarinya 'yar shekara bakwai yana ganin alheri ya yi.

Tun safe akwai mutane a kan kwalbatin da ke kallon gidanmu. Da na leƙa da farko su biyar ne, yanzu sun fi ashirin, har da mata masu goyo. Ba sa ihu, ba sa jifa. Suna zaune ne kawai da wayoyi a hannu, kamar masu jiran a fara shiri.

Maƙwabciyarmu ta baya ta jingina tsani a katanga, ta nan za mu tsallakar da Ummi, Yaya tana jira a can da mota. Ni zan zauna in riƙa motsi a tsakar gida, in kunna rediyo, don su san ina ciki har motar ta yi nisa. Sakatar da ka yi mai ƙarfi ce, ban damu da kaina ba sosai.

Na sa mata maganin tarinta a aljihun gefe, cokali ɗaya safe da yamma. Haƙorin yana cikin kwalin ashana, ta ce kada a manta.

Abu ɗaya nake roƙonka. Ɗazu da nake ɗaure mata takalmi na ce ta zo in rungume ta, ta zo, amma jikinta a sandare. Da na ce za ta tafi wurinka ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi yaushe zan biyo ta ba. Tambaya ɗaya ta yi, wai idan ta tsallaka katangar, wace duniya za ta fito. Na miƙa hannu zan kai ta bakin tsani, ta ɓoye nata a baya, ta ce za ta iya da kanta.

Idan ta huta, ka zaunar da ita ka faɗa mata wace ce uwarta. Ka ba ta labarin ranar da ta lanƙwasa fiffiken nan, da wadda ta ɗauke ta daga ƙasa tana dariya. Daga bakinka za ta yarda. Nawa ta riga ta ga abin da ya iya.

Ana ƙwanƙwasa ƙofa, a hankali, da ladabi. Bari in rufe jakar.

Matarka har kullum,
Maman Ummi