Sunayen da Na Kai Komisariya

Daren Laraba

Kwana ashirin ke nan ba a ji ƙarar bindiga a unguwarmu ba, tun da ƴan sanda suka kama manyan ƴan daban nan huɗu. Yau maƙwabciyata ta ce, "Baban Hadiza, mu gode ma Allah, gari ya kwanta." Na amsa mata, amma raina a ɓace. Ni na kai sunayensu komisariyar ƴan sanda tun kafin damina, aka ce in koma gida, ana bincike. Sai da ƴan daban suka harbe ƙanena Sani, suka tafi da moton kabu-kabunsa, sannan aka motsa. Ɗazu matarsa ta kawo mani hular kwanonsa, wai ba ta iya kallonta. Ni ma na kasa.