Yatsun Gwaggo a Kan Baƙin Allo

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maijego da jaririyarmu. Allah Ya raya ta, Ya ƙara wa uwarta lafiya, kai kuma Ya ba ka juriyar raino. Mu nan lafiya lau, sai kewarku. Baba yana cin abinci sosai, ƙafar ma ta yi sauƙi. Idon ne dai kullum baya yake yi, kuma likita ya ce kada mu sa rai zai dawo.

Wani nauyi ne a raina ya sa na zauna rubuta maka. Ranar da muka yi kiran bidiyo ka yi ta zuba mini godiya, har da cewa ashe ƙanwarka injiniya ce, ni kuwa na yi ta washe baki kamar gaske. To Yaya, ba ni ba ce. Aikin Gwaggo ne, ƙanwar Baba, ita da muke tsokana cewa ko saƙon waya sai an buɗe mata.

Ka san ka aiko da kwamfutar nan ne don Baba ya ga jikarsa a babban allo, tunda a waya inuwa kawai yake gani. Mun kunna ta, tsarin aikin da ka sa mata, Linux, ya tashi tsaf, rubutu manya-manya yadda ka shirya masa. Amma ta ƙi ganin waifai ɗin gidan, ko alamarsa babu. Ina jin kai da igiya kake jona ta a can, shi ya sa ba ka lura ba. Baba ya hana a gaya maka, wai hidimar da ke kanka ta ishe ka. Na bincika a wayata na gano wata 'yar manhaja ce babu, wadda ake kira direba, ita ke sa kwamfuta ta san katin waifai da ke cikinta. Abin haushi, sai da intanet ake sauko da ita, intanet ɗin kuma sai da ita. Na kai wa mai gyara a bakin kasuwa, ya jujjuya ta ya taɓe baki, ya ce sai dai ya goge komai ya sa irin tsarin da ya saba da shi. Na tuna hotunan Mama da ka tara a ciki, na rungumo abata na dawo gida.

Daga baya na koyi jona wayata da igiyar caji ta ara wa kwamfutar intanet na ɗan lokaci. Na buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, amma duk sanda ya nemi kalmar sirri, in na buga ba abin da ke fitowa, ko ɗigo. Sai in ɗauka maɓallan sun mutu, in rufe in sake daga farko. Kwana huɗu ina wannan wauta. Kullum da safe Baba sai ya tambaya ko yau za mu ga yarinyar. A rana ta huɗu bai tambaya ba, wallahi wannan ya fi komai ci mini rai.

Ranar Asabar Gwaggo ta zo duba shi, ta tarar da ni a teburin falo na haɗa kai da gwiwa. Ka san shekara talatin ta yi tana buga tafireta a ofis, kuma tun da ta bar aiki take cewa ita da kwamfuta sai kallo, ba ta iya bin kibiyar nan mai yawo a allo ba. Ta tsaya a bayana ta ƙura wa allon ido, ta tambaya ko nan rubutu kawai ake yi, babu kibiya. Da na ce e, sai ta ajiye jaka ta ce in tashi. Ta gyara zama, baya a miƙe, ta sa na rubuta mata kalmar sirrin a takarda, ta buga, idonta na kan takardar, ta danna, abu ya wuce. Na ce Gwaggo ai ba abin da ya fito. Ta ce, "Ni da ban taɓa kallon abin da nake bugawa ba? Yatsa ya san inda ya je." Ashe da gangan allon yake ɓoye kalmar sirri.

Na miƙa mata umarnin da na samo, ta ƙi bugawa. Ta ce a ofis ba a amsa wasiƙa sai an ga lambarta, a fara tambayar injin lambar katinsa tukuna. Muka nemo umarnin da ke jero kayan cikinsa, ta kwafe lambar da biro. Yaya, ashe bayanin da na yi ta bi na wani katin ne daban, kamfaninsu kawai ɗaya. Da muka samo na daidai ta buga, sai injin ya tsaya a tsakiya ya zubo rubutu, ni har na ce shi ke nan ya lalace. Ita kuwa ta bi shi da yatsa layi-layi, ta ce ba lalacewa ya yi ba, cewa ya yi a fara sa masa wani abu, ga ma sunansa ya rubuta, ni ce ba na saurare. Ta sa masa, ta sake, muka kashe muka kunna, na zare wayata. Sai ga alamar waifai a saman allo, har da na maƙwabta a jere. Ni na yi tsalle, ita ta cire tabarau ta ce a ba ta ruwa. Kafin ta tafi ta rubuta duk matakan a takarda ta sa a ambulan, wai kwafin fayil, ko da wata rana ya sake ɓacewa. Ban taɓa jin girmanta kamar ranar ba.

Kiran bidiyon kuwa, kai ma ka gani, yadda Baba ya kai fuskarsa dab da allo ya ce goshin Mama ne sak. Abin da ba ka gani ba shi ne bayan an kashe. Ya daɗe hannunsa a kan murfin kwamfutar, sannan ya ce ya gode Allah ya gan ta, yanzu ko gobe idon ya rufe shi kam ya gama nasa. Ni kuka na fara. Gwaggo ta ce ba a gabanta zai yi wannan maganar ba. Ta buɗe kwamfutar, ta kamo manunansa biyu ta ɗora a kan maɓallan nan biyu masu ɗan tudu, ta ce, "Ka ji su? Daga nan ake farawa, kuma ba a buƙatar ido." Yanzu kullum da hantsi tana nan, suna faɗa kamar yara, yana cewa ta cika tsanani, tana cewa yatsunsa kamar na mai faskare.

Don haka in ka kira, ka nemi Gwaggo ka yi mata godiyar da na karɓe. Ka gaishe mini da Anti maijego da kyau, ka sumbaci jaririyar. Kawu da Inna suna gaishe ku, Gwaggo ma haka. Layin da ke ƙasa ba nawa ba ne, rabin awa ya ɗauke shi, kuma ban taɓa masa ko harafi ba.

Taka har kullum,
Auta

na gan ta. ku dinga rubuto mini, auta za ta karanta, ni zan amsa da hannuna. babanka