Mahaifiyata Ta Tsaya A Bakin Ƙofa

Zuwa ga Hajiya Shugabar makarantarmu ta 'yan mata da ke Talata Mafara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ya aiki, ya haƙuri da mu? Ki yafe mini, ban iya tsayawa gabanki in yi magana, shi ya sa na rubuta.

Na farko, ke kika zaɓe ni in karanta, a ranar taron iyaye, tarihin baƙar fatar Amurkan nan, ɗan wasan golf, wasan da ake buga 'yar ƙwallo da sanda zuwa rami. Ya fara da ɗaukar wa Turawa jakar sanduna, ya zo ya fi su iyawa, amma ko ya yi nasara ba a barinsa ya shiga ɗakin cin abincinsu. Ni da na saba da littattafan soyayya, sai da wannan ya sa ni hawaye. Na yi ta mafarkin Innata a kujerar gaba tana saurarona.

Na biyu, ranar taron Inna ta hau mashin tun daga ƙauyenmu Faru, da sabon zanenta. Maigadi ya ce sabuwar doka ce, kowace uwa sai ta faɗi sunan ɗiyarta kafin ta shiga. Hajiya, ni ce 'yar fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" take ce mini. Ta ce masa, "Yarinyar nan mai yawan shiru." Ya yi dariya, ya ce ta matsa gefe.

Na uku, a gindin dalbejiya bayan katanga ta saurare ni ta lasifika, ina ba da labarin wanda aka hana shiga, kuna tafi. Sai bayan an tashi na gan ta. Ta ce, "Muryarki ta fito sosai." Har yau na kasa haɗa ido da ita. Ta kuma ce ranar yaye mu ba za ta zo ba, kada ta sake ba ni kunya. Ita, wai.

Roƙona, a bar uwa ta faɗi ajin ɗiyarta ko sunan ƙauye. Kuma ki aika wa Inna gayyata da bakinki, ke ce za ta ji nauyinki ta zo.

Allah Ya ƙara miki girma, Ya raya miki zuri'a.

Wassalam.
Ɗalibarki, yarinyar nan mai yawan shiru.