Tsohon da Ke Cikin Zanena

Litinin, 3 ga Maris

Na ɗora zanen tashar mota a shafina. Mutum tara suka danna so. Biyu 'yan shagonmu ne, ɗaya kuma ni ce, hannuna ya kuskure. Da rana ina tsara wa mutane katin gayyata da allon talla a shagon buga takardu, da yamma in zana abin da raina ke so, ba mai kallo. Oga ya ce hannuna yana da kyau, sai dai kyau ba ya cika tukunya. Ban yi masa musu ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Yau Baba ya zauna gaban keken ɗinkinsa, abin da ya daɗe bai yi ba tun da ciwon mantuwar nan ya kama shi. Ya ɗauki almakashi, ya juya shi, ya sake juyawa. Mutumin da ya tsufa yana yanka yadi. Ya ce, "Auta, wannan me ake yi da shi?"

Na gaya masa. Ya ce to, ya ajiye a hankali kamar kayan aro.

Na shiga ɗaki, kuka ya ƙi zuwa, sai na ɗauki fensir. Hannuwansa, almakashin, rabin fuskarsa. Na rubuta tambayarsa a ƙasa na ɗora. Ban san dalili ba.

Asabar, 8 ga Maris

Wayata ta ƙi yin shiru. Mutanen da ban taɓa jin sunansu ba suna ta yaɗa zanen. Wata ta rubuto min cewa mahaifiyarta yanzu "baƙuwa" take kiranta, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai ni. Wani ya ce ubansa direba ne, kwanan nan ya tambaye shi ina birki yake. Na karanta har idona ya yi ja.

Kuma na ji daɗi. Bari in rubuta shi a nan tunda ba mai gani. Daɗi sosai.

Laraba, 12 ga Maris

Na ƙara biyu: Baba da takalmi ɗaya a hannu yana neman ɗayan cikin firij, da Baba a bakin taga yana jiran Mama, wadda muka binne tuntuni. Masu bibiyata sun yi yawan da na daina ƙirgawa. Don gwaji na ɗora mai sayar da lemo na bakin titinmu, wanda na fi shan wahala a kansa. Shiru kake ji. Baba suke so.

Juma'a, 21 ga Maris

Wata mata mai gidan baje kolin zane ta kira ni ina wurin aiki. Na fita bayan shago, kusa da janareta, da kyar nake jin ta. Za ta ba ni bango guda a watan Yuni. Zanen Baba take so, da yawa, yadda ciwon ke tafiya daga farko har inda ya kai. Ta ce layin da fensirina ke ja ba ya ƙarya. Ba wanda ya taɓa cewa ina da layi. Da aka tashi ban hau mota ba, a ƙafa na zo gida, ina ta jera zanukan a bangon cikin kaina.

Lahadi, 30 ga Maris

Yaya ya zo da fushinsa. A ofishinsu wani ya nuna masa zanen firij, mutumin bai ma san uban Yaya ne ba. A kicin muka yi ta, ƙasa-ƙasa, don kada Baba ya ji.

Ya ce mutumin da ya suturta rabin unguwar nan, ni ce na fitar da shi tsirara. Na ce wa ke yi masa wanka, wa ke canza zanen gado, wa ke bin sa titi in ya ɓace? Shi ranar Lahadi kawai yake zuwa da ledar ayaba. Na ce wannan ne abu na farko da ya zama nawa a gidan nan.

Ya sauke ruwan shayin da ya tafasa. Sannan ya ce, "Duk gaskiya ne. Amma kin tambaye shi?"

Ta yaya ake tambayar wanda...

Laraba, 2 ga Afrilu

Ban ɗora komai ba. Wasu sun tambayi jikin Baba, wasu sun tambayi yaushe sabo zai fito.

Litinin, 7 ga Afrilu

Da safe Baba ya so ya sa riga da kansa. Kansa ya shiga ta hannun rigar ya maƙale, gwiwar hannunsa ta yi sama, yana ta kokawa a bakin ƙofa. Ina tsaye da kofi. Ban motsa ba. Ina kallon yadda yadin ya ja a kan ƙashin kafaɗarsa, ina haddacewa. Sai da ya kira "Auta" cikin rigar, da muryar yaron da ya tsorata, sannan na ajiye kofin.

Na zana shi a lokacin hutun rana. Ban taɓa yin zanen da ya kai shi ba. Yana cikin durowa, a kife.

Asabar, 19 ga Afrilu

Ya tashi garau yau, har ya yi min tsiya cewa shayina ruwan wanke kofi ne. Sai na ɗauko zanukan na ɗora masa a cinya. Ya sa tabarau ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan na bakin taga, ya ce rigar tsohon nan ba ta zauna a kafaɗa ba, wa ya ɗinka masa? Na ce, Baba, ai kai ne. Ya ce Allah ya kiyaye, shi bai taɓa ɗinki haka ba. Muka yi dariya, kowa da abin da yake wa dariya.

Ya ci gaba da kallo. Can ya ce, "Yana da 'ya'ya kuwa?"

Na ce yana da su.

Ya ce, "To su shigar da shi ciki mana. Mutane suna kallonsa."

Ya miƙo min takardun, ya tambaya ko Mama ta dawo.

Talata, 22 ga Afrilu

Na kira matar gidan zane. Na ce ina da tashar mota, da mai lemo, da matan da ke layin asibiti. Ta tambayi na Baba. Na ce ba su kammalu ba. Ta ce za ta duba, da irin muryar da Oga ke sallamar mai neman ragi da ita.

Tsoffin da na ɗora ban goge ba. Matar da mahaifiyarta ke kira baƙuwa har yanzu tana rubuto min, ban san yadda zan yi da wannan ba. Yaya kuwa ban gaya masa komai ba, kada ya ɗauka shi ya ci.

Lahadi, 4 ga Mayu

Ta ba ni lungu kusa da ƙofa, zane uku. Bangon ya tafi ga wani. Mutane suna ta raguwa a shafin, sai 'yan tsiraru da suka tsaya, ɗaya har ya ce mai lemo ya yi kama da kawunsa. Ya yi min ciwo, ba zan ce bai yi ba.

Bayan abincin rana Baba ya yi barci a kujera, cokali a hannu, abinci ya maƙale masa a gemu. Rana ta shigo ta taga ta kwanta masa a kunci ɗaya. Hasken ya yi kyau ƙwarai, na gani. Na zare cokalin, na jiƙa tawul na goge masa gemun, na ja labule. Na zauna a ƙasa na jingina da ƙafarsa. A haka Yaya ya same mu, ya ce mu biyun duk muna minshari.

Ban zana ba. Ina jin gajiya ce kawai.