Mayaƙin da Zan Rufe Ranar Alhamis

Zuwa ga ƙanena Sagir,

Bayan sallama da gaisuwa mai ɗauke da begen da ya ƙi tsufa, ina rubuto maka daga Doha, ko da yake ban san ƙasar da takardar nan za ta same ka ba. Shekara huɗu ke nan da rundunarku ta shiga daji, wasu suka dawo, kai shiru.

Ka san aikina, kula da kayan tarihi a gidan wani attajiri a unguwar Mu'aither. Cikinsu akwai tsofaffin zane-zanen Japan na mayaƙan dā. Katako ake sassaƙawa, a shafa launi, a danna a takarda, kowane launi da katakonsa. Akwai guda da ba na iya wucewa: jarumi, kibau sun cika sulkensa, takobinsa ya karye, amma yana tsaye. Ya tamke leɓe yadda kake yi in Inna ta hana ka fita ƙwallo.

Ƙa'idar aikinmu ita ce haske yana cin launi. Wata uku ake nuna zane, sannan a kwantar da shi a akwati, ya yi shekaru cikin duhu domin ya rayu. Ranar Alhamis wa'adin wannan zai cika, kuma hannuna ne zai rufe shi.

Kawu Isuhu ya kira ni. Ya ce matarka Maryam ta yi haƙurin da ya isa, a je gaban alƙali ya yanke cewa ka rasu, a yi maka sallar gawa, ta shiga takaba. Ni ne babba, bakina suke jira kafin Juma'a.

Inna kuwa ta rataye hotonka a bakin taga, wai ka riƙa ganin hanyar gida. Rana ta cinye koren kakinka, ta fara taɓa fuskarka. Na san maganin abin, Sagir, sana'ata ce. Amma da wane harshe zan ce mata ta sa ka a akwati?

Kullum kana ce mini, "Yaya, baitocinka sun yi yawa, faɗi abu ɗaya." Yau abu ɗaya ake nema a wurina, i ko a'a, kuma duk kalmomin da na tara sun gudu sun bar ni.

Ya Allah, in yana numfashi, Ka nuna masa hanyar tagar Inna. In ya riga mu, Ka haskaka makwancinsa da hasken da ba ya cin launi. Ni kuma Ka sa a bakina abin da ba zai zalunci Maryam ba, ba zai binne mai rai ba.

Yayanka da bai san me zai ce ba,
Nasiru