Kifayen da Ke Jiran Idonki

Da sunan Allah, wanda Ya tsaga ido Ya zuba masa haske, Yake kuma mayar da hasken ga wanda Ya so bayan ya dushe.

Ya ke sanyin zuciyata, abokiyar tsufana, uwar 'ya'yana, raɓar da ke sauka a kan busasshen reshe har ya tuna yadda ake tsiro! Amincin Allah ya lulluɓe ki. Ki dubi girman waɗannan haruffa, kada ki yi mini dariya. Da gangan na kaurara rubutun, domin ina son ki karanta da kanki, ba Auta ta karanta miki tana tsallake layukan da take jin kunyarsu ba.

Jiya bayan la'asar Auta ta kira ni. Ta ce likita ya kwance bandejin aikin da aka yi miki, kin buɗe ido, kuma abin da kika fara faɗa shi ne ɗankwalinta ya karkace. Allahu Akbar! Wace bushara ce ta fi wannan? Na faɗi na yi sujadar godiya a tsakar ɗaki, gwiwoyin nan da suka daɗe suna yi mini gardama ba su ce uffan ba.

Kin tuna ranar da muka zauna a ɗakin jira na asibitin ido, inda aka ajiye akwatin gilashi cike da ruwa da kifaye? Kika matsa har goshinki ya taɓa gilashin, kika ce, "Malam, motsi nake gani, amma ban ga mai motsin ba." Maganar ta soke ni. Na yi miki alkawarin idan Allah Ya ba ki lafiya za ki tarar da irinsa a falonmu. Kika ce kin karɓa bisa sharaɗi: ba za a tsare halittar Allah a gidanki tana cutuwa ba. Idan ɗaya ya ciji ɗan'uwansa, a mayar da su duka, haƙƙinsu kuma yana wuyana.

Tun da kika tafi gidan Auta jinya nake tsakanin tsoro biyu, ya hasken gidana: kada akwatin ya cika idon bai buɗe ba, kada kuma idon ya buɗe a kan yagaggun wutsiyoyi.

Na sayo akwatin, na ɗora shi a kan teburin da ke gefen kantar littattafaina, inda rana ba ta dukansa. Na wanke tsakuwa, na dasa ciyayin ruwa, na kunna 'yar na'urar da ke tace ruwan. Mai shagon kifi ya ce dole ruwan ya yi makonni yana zagayawa babu kowa a ciki, sai ya nuna kafin ya karɓi rai. Maƙwabcinmu tela ya leƙo, ya daɗe yana neman kifi bai gani ba, ya ce, "Ashe Malam kiwon ruwa ya koma!" Na yi murmushi kawai. Ina zai san cewa ni da akwatin nan hali ɗaya muke ciki, kowa wayam, kowa na jira?

Da lokacin zaɓe ya yi, sai na tafi da sana'ar da na sani. Kin san shekarun da na yi ina ɗaura wa mutane aure, kuma ban taɓa haɗa biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya ba sai na bincika hali. Na roƙi kujera a shagon, na zauna gaban kowane akwati ina tambaya. Wannan wane ruwa ya saba da shi, mai ɗumi ko mai sanyi? Ina girmansa zai tsaya? Yaya yake idan an zuba abinci, yana barin na kusa da shi ya ci? Mai shagon ya gaji, ya ce, "Baba Malam, waliyyi da sadaki kaɗai suka rage!"

Manema da yawa na sallama. Akwai wani ja mai wutsiya kamar babbar riga, kyakkyawa ƙwarai, amma idan ya haɗu da namiji irinsa sai ɗaya ya halaka. Akwai masu ratsin damisa, ba su da aiki sai tsinkar wutsiyar maƙwabci. Akwai wani mai faɗi, mai tafiyar natsuwa kamar salihi, aka ce da zarar ya girma duk abin da ya shiga bakinsa ya zama halalinsa. Irinsa na sha gani a cikin mutane.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne kifin zinariya. Babba ne, launinsa kamar rana dab da faɗuwa, ko ido mai hazo zai gan shi daga bakin ƙofa. Amma shi ruwan sanyi yake so, sauran kuma ɗumi. Yana ɓata ruwa, yana tumɓuke ciyayi, akwatinmu kuma zai yi masa ƙunci. Na san duk wannan, amma na kasa tashi daga gabansa. Sai na tambayi zuciyata: me ya sa kike nace masa? Ta amsa mini da gaskiya: don ina tsoron shi kaɗai za ki iya gani. Na yi istigfari. Yaya zan roƙi Ubangiji cikakken haske a sujada, sannan in je kasuwa in yi sayayyar mai tsammanin rabi? Yaya kuma zan ƙuntata wa bawan Allah don in lallashi tsorona? Na bar shi.

Na zaɓo ƙanana, ya farin watana, ƙanana ƙwarai, ba su kai ɗan yatsa ba, kowanne da ratsin shuɗi siriri kamar zare. Garke guda na ɗauko, domin an ce idan aka ware ɗaya sai ya ɓuya ya daina ci, har launinsa ya koɗe. Wannan ban nemi ƙarin bayani a kansa ba. Na san shi a jikina tun ranar da ɗakinki ya yi shiru. Bayan sun zauna da gindinsu na ƙaro wasu masu gashin baki, mazauna ƙasa, suna tafe kai a sunkuye suna tsintar abin da ya faɗo, ba ruwansu da kowa. Tela ya rantse ɗayansu ni ne. Ke za ki yanke hukunci.

Ga shaidata, kuma kin san ba na shaidar abin da ban gani ba. Kullum bayan asuba nakan ja kujera in zauna da carbina in duba su ɗaya bayan ɗaya. Babu wutsiyar da ta yage, babu wanda ya laɓe a lungu, babu mai korar wani daga abinci. Suna juyawa tare kamar sahu a bayan liman. Sharaɗinki ya cika, wuyana ya yi sauƙi, godiya ta tabbata ga Allah!

Saura abu guda. Saman ruwan babu kowa, mai shagon kuma ya ce akwai gurbin iri ɗaya mai sanyin hali. Ban zaɓa ba, ba zan kuma zaɓa ba. Ranar da likita ya sallame ki, zan riƙe hannunki mu je shagon kifin, ba don in nuna miki hanya ba, sai don ina son riƙewa. Ki zauna a kujerar nan, ki duba, ki nuna da yatsanki.

Ki ɗiga maganinki a kan lokaci, kada ki yi wa Auta gardama, kada kuma ɗokina ya sa ki gaggawa. Na iya jira. Akwatin nan ya koya mini.

Ni ne naki a ƙuruciya, naki a furfura, mai roƙon Allah Ya sa ke ce abokiyar zamana a gidan da ido ba ya dushewa,

Malaminki.