Kayan da Suka Kwana a Igiya

Yayata ta kaina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Mama?

Yaya, karatun nan ya ishe ni. Ina so ki zo ki ɗauke ni kafin jarrabawa, amma kada Mama ta ji tukuna. Ba inda ke min ciwo, jikina ne kawai ya mutu. Lacca ma na daina zuwa.

Ga kuma wata 'yar shisshigi a ƙarshen barandarmu, ana ce mata Aku saboda surutu. Kayan da na shanya ta kwashe daga igiya, ta ninke, ta kawo min har ƙofa. Ko godiya ban yi ba. Washegari sai ga ta, wai ta manta da safa ɗaya. Safa fa, Yaya.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Auta

Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan zazzaɓin ƙaramin yaronki ya sauka. Na ji kin ce sai mako mai zuwa za ki iso.

Ashe ruwa ba ya tsami banza. Aku tana cikin ɗaliban da mai ba da shawara ta asibitin makaranta ta koya wa sauraron 'yan'uwansu. Ita igiyar shanya take dubawa. In kaya suka sha rana suka sha ruwa ba a kwashe ba, ta san mai su ta kulle kanta a ɗaki. Nawa har sun fara koɗewa. Safar kuwa da gangan ta riƙe, don ta samu dalilin dawowa.

Na buɗe baki zan wanke ta tas, sai kuka ya ƙwace min. Ta kifa bokitina ta zauna a kai. Mai bakin nan sai ta kasa kunne, ba ta ce in yi haƙuri wasu sun fi ni damuwa ba. Na faɗa mata yadda nake tsoron in faɗi in ba ku kunya. Da na yarda, ta raka ni wurin mai ba da shawarar, ta jira ni a waje.

Taki, Auta

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka.

Kada ki zo. Na rubuta jarrabawar farko. Ban warke sarai ba, wata safiyar har yanzu da ƙyar nake tashi, amma ina tashi. Mama kuma ni zan faɗa mata da bakina.

Akwai wani shuɗin zanen gado da ya daɗe a igiya, ruwa ya dake shi ya bushe ya sake dukansa. Jiya na ninke na kai wa mai shi. Ta fizge ta rufe ƙofa, ko kallona ba ta yi ba. Ban ji haushi ba ko kaɗan.

Rigar matashinta tana cikin jakata. Gobe zan je in ce na manta.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta